Harsashin .308 da na .30-06: Wanne ya dace da gajeriyar bindiga?

Mafarautan barewa a Amurka da Turai kan so bindiga mai gajeren bututu, saboda sauƙin ratsa kurmi da ita.

Sai dai gajarta bututu na rage gudun harsashi, kuma idan ƙarfinsa ya gaza, dabba kan tsere da rauni maimakon ta faɗi nan take.

A nan ne ake kwatanta .30-06 Springfield, wanda sojojin Amurka suka fara amfani da shi a 1906, da .308 Winchester da ya fito a 1952.

Kaurin dalmarsu ɗaya ne, amma tsawon kwanson .30-06 milimita 63 ne, na .308 kuwa 51.

Don haka .30-06 ya fi ɗaukar albarushi, kuma a bututu mai inci 24 ya fi gudu, musamman da dalma mai nauyi.

To amma a bututu mai inci 16 zuwa 18, dalma kan fice tun tururin albarushin bai gama ingiza ta ba. Ratar gudun sai ta ragu, ƙara da walƙiyar .30-06 kuma su ƙaru.

Wannan ne ya sa masu gajeriyar bindiga da dama suka fi karkata ga .308.