Kwashe bayanai daga tsohon rumbun kwamfuta zuwa sabo: yadda ake yi da abin da ke saura a baya

Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa manhajar Windows 10. Wannan na cikin dalilan da ke tilasta wa masu tsofaffin kwamfutoci a Kano sauya na'ura, daga ofisoshin masana'antun Sharada, Challawa da Bompai har zuwa shagunan buga takardu na Na'ibawa. Abin da ke da daraja a tsohuwar na'ura shi ne rumbunta na ajiya, wanda masu gyara ke kira had-dis: a nan takardun fili, lissafin ciniki da hotunan iyali suke, kuma ga wasu matasa har da hotunan takardun sakamakon zaɓen 2023 da bidiyon zanga-zangar Agustan 2024.

Rumbun, wanda IBM ya fara fitarwa a 1956, faifai ne mai maganaɗisu da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti guda, da wata allura mai shawagi a kansa ba tare da ta taɓa shi ba. Faɗuwa, zafi da ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubutu duk suna rage masa kwana. Wanda ya fara ƙara ƙas-ƙas ya kusa mutuwa, kuma kowane kunnawa na iya zama na ƙarshe. Irin wannan ba a buɗe shi a kan tebur, domin ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta karce faifan. Ana ɗaukar hotonsa gaba ɗaya da manhaja irin su ddrescue, sannan a nemi fayilolin daga hoton.

Idan rumbun lafiyarsa ƙalau, aikin ba shi da wahala. Ana cire shi a haɗa da sabuwar kwamfuta ta wayar SATA zuwa USB, wadda ake samu a titin Beirut ko kasuwar Farm Centre. Tsofaffi sosai masu bakin IDE suna buƙatar nasu mahaɗin. Ƙa'ida ta farko ita ce a kwafa, kada a yanke, domin idan wuta ta ɗauke ana cikin yankewa, ba a sanin abin da ya isa da abin da bai isa ba. Ana fara da abin da ba shi da madadi, fina-finai da waƙoƙi su biyo baya. Filashi mai tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil da ya kai gigabait 4, don haka dogon bidiyo sai exFAT ko NTFS. Bayan an gama, a kwatanta yawan fayiloli da nauyinsu a ɓangarorin biyu, a kuma buɗe wasu a gani da ido.

Kwafi ɗaya bai wadatar ba. Shawarar da mai ɗaukar hoto Peter Krogh ya yaɗa ita ce kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya a wani wuri dabam. Gobarar da ta tashi a Farm Centre a watan Yunin 2025 ta nuna amfanin sharaɗi na ƙarshe. Sabon rumbu samfurin SSD ya fi sauri, amma yana iya zubar da bayanai idan ya shekara da shekaru ba a ba shi wuta ba.

Inda aka fi yin sakaci shi ne tsohon rumbun. Goge fayil ko yin fomatin na gaggawa yana share sunansa ne kawai daga jerin, ainihin bayanan suna nan har sai an rubuta wasu a kansu. A 2003 Simson Garfinkel da Abhi Shelat na jami'ar MIT sun wallafa binciken da suka yi kan tsofaffin rumbuna 158 da suka saya: 12 kacal aka share yadda ya kamata, sauran kuma sun ba da lambobin katin banki fiye da 5,000. A 2009 ɗaliban aikin jarida daga Kanada sun sayi wani rumbu a Ghana, suka tarar da takardun kwangilar tsaro na gwamnatin Amurka a ciki. Rumbun da aka sayar wa ɗan gwangwan a Kano ba shi da wata kariya da waɗancan suka rasa, kuma ga ɗan jarida ko ɗan gwagwarmaya, sunayen majiyoyinsa ne ke tafiya a cikin buhun.

Ga masana'antu, batun ya wuce son rai. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su, kuma lambobin NIN da asusun albashin ma'aikata suna ciki. Rumbun da za a sayar sai a cike shi da sifili daga farko har ƙarshe, abin da cikakken fomatin ke yi tun daga Windows Vista; SSD kuwa yana da nasa umarnin sharewa daga kamfanin da ya ƙera shi. Wanda ya mutu ba ya sharuwa da manhaja, sai a huda faifansa da injin huji kafin ya bar gida.