Daga Hannun Ɗan Jagora Zuwa Aji: Tarihin Karatun Makafi a Ƙasar Kano

Duk wanda ya tashi a Ƙaraye ko Rogo ya san makaho da ɗan jagoransa suna bin ƙofar gidaje da kasuwanni. Kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa ganin makaho zaune a aji yana karatu, alhali wannan karatu yana da dogon tarihi.

Tun asali Bahaushe bai ɗauki makanta a matsayin rashin basira ba. A birnin Kano makafi suna da unguwarsu da Sarkin Makafi, da yawansu kuma da tukar igiya suke ci. Wasu sun haddace Alƙur'ani ta hanyar sauraro. Malam Aliyu Namangi na Zariya, mai Waƙar Imfiraji, makaho ne. Abin da ya gagare su shi ne rubutu, domin allo da tawada sai mai ido.

Maganin wannan daga Faransa ya fito. Wani yaro mai suna Louis Braille, wanda aka haifa a 1809, ya makance tun yana ƙarami, aka kai shi makarantar makafi ta Faris. A 1824 ya tsara rubutu na ɗigo shida masu tudu, waɗanda ake juya su su ba da alamomi 63, aka buga tsarin a 1829. Ɗalibi yana huda takarda mai kauri da ɗan tsinken ƙarfe daga dama zuwa hagu, sannan ya juya ta ya shafa da yatsa daga hagu zuwa dama.

A Nijeriya 'yan mishan ne suka fara. A 1943 mishan ɗin SIM ya buɗe asibitin ido a Kano, a 1953 kuma mishan ɗin SUM ya kafa makarantar makafi a Gindiri, cikin Jihar Filato ta yanzu. To, amma Musulmin ƙauye bai cika yarda ya miƙa ɗansa ga 'yan mishan ba, balle a kai shi uwa duniya. Saboda haka yaranmu suka ci gaba da bara.

Sauyi ya zo ne lokacin da gwamnati ta sa hannu. A 1976 aka soma shirin ilmin firamare kyauta, wato UPE, a 1977 kuma manufar ilmi ta ƙasa ta tanadi karatun naƙasassu. A shekarar ce aka kafa kwalejin horon malamansu a Oyo, Gwamnatin Jihar Kano kuma ta buɗe makarantar Tudun Maliki. Makarantar kwana ce, tana da sashen kurame da na makafi, firamare da sakandare. Dalilin yin ta ta kwana a fili yake: makafin yara a warwatse suke cikin ƙauyuka, malamai da kayan aiki kuwa kaɗan ne, dole a tara su wuri guda.

Sai dai makaranta ba ta zuwa gida ta ɗauki yaro. Daga ƙauyukan Rogo zuwa birni tafiya ce mai nisa da kuɗin mota, wani uban ma bai san da makarantar ba. A 2019 an sa hannu kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, amma doka ba ta saya wa yaro katifa da takardar rubutu.

A nan ne aikinmu yake. Kowannenmu ya bincika a garinsu, ya sanar da ƙungiya yaran da ke zaune, mu je mu yi wa iyayensu bayani tare da dagatai da limamai, mu ɗauki nauyin kai su. Mu ma da wani bai kai mu makaranta ba, da ba mu karanta wannan mujalla ba. Allah Ya ba mu iko, amin.