Tarihin Hayar Gidajen Hutu na Karkara a Ƙasar Faransa da Matsayin Masu Masauki

3.0 Shimfiɗa

Wannan babi zai dubi tarihin wata sana'a da ta kunno kai a ƙauyukan Faransa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wato bayar da hayar gidajen karkara ga mutanen birni da baƙi 'yan ƙasashen waje don su yi hutu a cikinsu. Faransawa suna kiran irin wannan gida "jit", tsohuwar kalma ce mai nufin makwanci ko masauki, har makwancin zomo a daji ma da ita suke kiransa. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, an ƙirƙiro wannan tsari ne da nufin a tsayar da manomi a gonarsa, amma da tafiya ta yi tafiya sai ya zamana gidajen ne suka tsira, manoman kuwa akasarinsu suka tashi.

3.1 Halin da Karkara da Birni Suke Ciki

Tun a ƙarni na 19 ƙauyukan Faransa suka fara rasa mutanensu. Wannan ƙaura ta sha bamban da cin rani, domin wanda ya tafi Faris ko Marseille neman aikin masana'anta ba ya komowa da damina. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ƙara dagula al'amarin, saboda Faransa ta yi asarar sojoji kimanin miliyan 1.4, kuma kaso mai yawa daga cikinsu 'ya'yan manoma ne. A ƙidayar 1931 ne aka fara samun mazauna birane sun fi mazauna karkara yawa. Yankunan duwatsu su suka fi jin jiki. Alal misali, lardin Basses-Alpes da ke kudu maso gabashin ƙasar yana da mutane wajen 159,000 a 1836, amma a 1946 ba su wuce 83,000 da 'yan kai ba. Ke nan kusan rabin jama'ar sun tafi, sun bar gidajen dutse a rufe, rufi yana rubzawa.

Ta ɓangaren birni kuwa, wata buƙata ce ta taso. A 1936 gwamnatin Léon Blum ta kafa dokar da ta bai wa kowane ma'aikaci hutun mako biyu a shekara tare da biyan albashi, aka kuma rage kuɗin jirgin ƙasa ga masu tafiya hutun. An ƙara hutun zuwa mako uku a 1956, ya koma huɗu a 1969, sannan biyar a 1982. Har wa yau, ƙananan motoci masu araha sun fito, irin su Renault 4CV a 1947 da Citroën 2CV a 1948, waɗanda a hankali suka ba magidanci damar kai iyalinsa ƙauyen da jirgin ƙasa ba ya zuwa. Sai dai hutu daban, wurin yinsa daban. Ma'aikacin da ke da mata da 'ya'ya uku ba zai iya biyan kuɗin otal na mako biyu ba, balle a ce kullum sai ya sayi abinci a waje.

3.2 Gidan Farko da Kafuwar Ƙungiya

Wanda ya haɗa waɗannan matsaloli biyu ya ga cewa kowace maganin ɗayar ce, shi ne Émile Aubert, sanata mai wakiltar lardin Basses-Alpes. A 1951, bisa shawararsa, aka gyara wani gida a ƙauyen Chaudol da ke gundumar La Javie, aka sa masa kayan ɗaki, aka ba da shi haya ga masu hutu. Shi ne ake ɗauka a matsayin gidan hutun karkara na farko a ƙasar. A 1955 aka kafa ƙungiyar ƙasa baki ɗaya da aka sani da Gîtes de France, kuma littafin jagora na farko da ta buga ya ƙunshi gidaje 146.

Hikimar tsarin ba ta da wuyar ganewa. Manomi yana da gini amma ba shi da kuɗin gyara, saboda haka hukuma ta kan ba shi tallafi, bankin manoma na Crédit Agricole kuma ya ba shi rance. Shi kuma sai ya ɗauki alkawarin zai riƙa ba da gidan haya ta hannun ƙungiya na tsawon shekaru, galibi goma, bisa ƙa'idojin da aka shimfiɗa. Abin lura a nan shi ne irin gyaran da ake nema. Ƙidayar 1954 ta nuna cewa kashi ɗaya bisa huɗu ne kawai, ko sama da haka kaɗan, na gidajen Faransa suke da makewayi a cikin gida, masu wurin wanka na zamani kuwa ba su wuce kashi 10 cikin 100 da ɗan ɗoriya ba, kuma karkara ce ta fi baya. Tun da ɗan birni ba zai biya kuɗi ya kwana inda babu famfo da lantarki ba, wannan haya ta zama ɗaya daga cikin ƙofofin da waɗannan abubuwa suka shiga gidajen manoma. Ba abin mamaki ba ne ma a tarar masaukin baƙo ya fi ɗakin mai gidan kansa kyau.

Domin baƙo ya san abin da zai tarar kafin ya baro gida, ƙungiyar ta fito da ma'auni na zangarniyar alkama, kamar yadda ake auna otal da taurari. Jami'in ƙungiya na lardi yakan ziyarci gida ya duba gadaje da kicin da banɗaki da harabar wurin, sannan a ba shi zangarniya daga ɗaya zuwa biyar.

3.3 Mai Masauki da Aikinsa

Babban abin da ya bambanta wannan haya da ta otal shi ne mai masauki. A bisa al'ada ana hayar gidan ne mako-mako, daga Asabar zuwa Asabar. Baƙon da ya gama hutunsa yakan fita da hantsi, sabo kuma ya iso da la'asar. A 'yan sa'o'in da ke tsakani ne ake share gida, a wanke banɗaki, a sauya zanen gado, a ƙirga kwanuka da cokula, a duba mitar wuta. Idan baƙo ya iso, mai gida da kansa yake tarbarsa, ya miƙa masa mabuɗi, ya nuna masa yadda ake kunna murhu, ya karɓi kuɗin ajiya da za a mayar idan ba a fasa komai ba. Daga nan sai ya gaya masa ranar da kasuwa take ci da inda ake sayen burodi da hanyar da ta fi kyau a bi zuwa rafi. Masu masauki da dama sukan ajiye wa baƙo ɗan abin marhabin daga amfanin gonarsu, kamar ƙwai ko zuma ko cuku. Bayan wannan sai a bar shi ya sake, domin gidan nasa ne har mako ya cika, shi yake cefane, shi yake girki.

A 1969 ƙungiyar ta ƙaro wani nau'i, wato hayar ɗaki a cikin gidan da mai masauki yake zaune, ana biya kwana-kwana, tare da karin kumallo. Wasu kuma sukan haɗa da abincin dare, amma da sharaɗin abinci iri ɗaya ne ga kowa, a teburin iyali ake cinsa, kuma wanda ya kwana a gidan ne kaɗai ake sayar wa. Masu otal da gidajen abinci sun daɗe suna kukan cewa ana cin kasuwarsu ba tare da an ɗauki nauyin da suke ɗauka ba. Dokar 2006 da ƙa'idar da ta biyo bayanta a 2007 suka iyakance irin wannan masauki ga ɗaki biyar da baƙi 15, suka kuma wajabta a sanar da ofishin magajin gari.

Ko da yake ana cewa "mai gida", idan aka yi la'akari da wanda yake yin aikin za a ga cewa a mafi yawan gonaki uwargida ce. Watannin Yuli da Agusta, lokacin da baƙi suka fi zuwa, su ne lokacin yankan ciyawa da girbin alkama, don haka namiji yana gona. Matar ce take amsa wasiƙun masu neman wuri, ta riƙe littafin ajiya, ta yi wanki da guga, ta karɓi kuɗi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da sai a 1965 doka ta amince wa matar aure ta yi aiki ko ta buɗe asusun banki ba tare da izinin mijinta ba. Matar manomi ta daɗe ana rubuta ta a takardun hukuma a matsayin wadda ba ta da sana'a, duk da cewa ita take tatsar shanu. Sai a 1980 da kuma 1999 aka yi dokokin da suka ba ta matsayi a harkar gonar. Saboda haka kuɗin hayar masauki ya kasance wa mata da yawa kuɗin farko da ya shigo ta hannunsu. Wannan fanni ya cancanci a ba shi muhimmanci fiye da yadda aka saba, domin ƙaurar 'yan mata daga ƙauye ita ce takan bar samarin manoma ba aure, gona kuma ba magaji.

3.4 Baƙin Ƙasashen Waje

Da farko Faransawa aka yi wa tsarin, amma ba da jimawa ba 'yan Beljiyam da Holand da Jamus da Ingila suka gano shi. Dangane da Ingilishi, manoma ne ma suka buɗe musu hanya ba da niyya ba. A 1973 manoman yankin Biritaniya ta Faransa, ƙarƙashin jagorancin Alexis Gourvennec, suka fara jigilar kayan lambunsu, musamman farin kabeji, a jirgin fito daga Roscoff zuwa Plymouth. Kamfanin da suka kafa, wato Brittany Ferries, bai daɗe ba ya koma ɗaukar fasinja da motocinsu, daga baya har yana sayar da tikiti haɗe da hayar gidan karkara.

Littafin da Peter Mayle ya wallafa a 1989 kan zamansa na shekara guda a yankin Provence ya samu karɓuwa ƙwarai a Ingila, ya ƙara wa mutane sha'awar rayuwar ƙauyen Faransa, sannan a 1994 aka buɗe hanyar jirgin ƙasa ta ƙarƙashin teku tsakanin ƙasashen biyu. A nan ne al'amarin ya ɗauki wani salo. Baƙon da ya yi hutu sau biyu ko uku sai ya lura cewa kuɗin ƙaramin gidansa na Landan zai saya masa tsohon gidan gona da rumbunansa a lardin Dordogne. Da yawa suka saya, suka gyara rumbu da ɗakin dabbobi suka mayar da su masauki, suka riƙa ba 'yan ƙasarsu haya. Wato dai baƙon jiya ya zama mai masaukin yau. Ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai ta rage wa wannan sauƙi, domin daga Janairun 2021 ɗan Birtaniya da ba shi da biza ko takardar zama ba zai wuce kwana 90 cikin kowane kwana 180 ba.

3.5 Makomar Manomin da Aka Yi Domin Shi

A 1955, shekarar da aka kafa ƙungiyar, Faransa tana da gonaki kimanin miliyan 2.3. A 1988 sun ragu zuwa wajen miliyan ɗaya, a ƙidayar 2020 kuwa kimanin 390,000 suka saura. Tun a 1967 masanin zamantakewa Henri Mendras ya yi hasashen ƙarewar ƙananan manoma irin na gargajiya. Ba daidai ba ne a ɗora wa tsarin masauki laifin wannan, domin abin ya fi ƙarfinsa. Hayar da ba ta cika sai wata biyu ko uku a shekara tana iya biyan kuɗin gyaran rufi, amma ba za ta riƙe gonar da ta kasa ciyar da iyali ba. Bugu da ƙari, gwamnatin da take ba da tallafin gyaran gidaje ita ce ta kafa dokokin noma na 1960 da 1962, waɗanda suka ƙarfafa haɗe ƙananan gonaki su zama manya, har aka riƙa biyan tsofaffin manoma kuɗi don su saki gonakinsu. Tarakta kuma ta maye gurbin hannuwa masu yawa.

Da yake ƙungiyar ba ta taƙaita shiga ga manoma kaɗai ba, a hankali 'yan fansho da magadan gidajen da ke zaune a birni da waɗanda suka gaji da birni suka koma ƙauye suka rinjaye su. Manoma sun lura da haka, shi ya sa suka kafa nasu tsare-tsaren, wato Accueil Paysan a 1987 da Bienvenue à la ferme a 1988. A ƙarshen 1988 ɗin doka ta amince cewa saukar baƙi a gona yana iya shiga cikin ayyukan noma. Italiya ta bi wata hanya dabam, domin dokarta ta 1985 ta keɓe sunan masaukin gona ga manomi kaɗai, da sharaɗin noma ya ci gaba da zama babban aikinsa. Idan manufar ita ce tsare manomi, za a iya cewa tsarin Italiya ya fi kusa da ita, ko da yake can ma yawan gonaki ya ragu sosai.

Sauyi na baya-bayan nan ya zo ne ta intanet. Kamfanin Airbnb, wanda aka kafa a Amurka a 2008, da makamantansa sun ba kowane mai gida damar tallata shi ba tare da jami'i ya zo ya duba ba. A gidaje da yawa tarbar da mai masauki yake yi ta koma wani ɗan akwati a bakin ƙofa, ana aika wa baƙo lambar buɗe shi ta waya ya ɗauki mabuɗi. A garuruwan bakin teku da na duwatsu, hayar 'yan hutu ta fi ta mazauna riba, har matasan wurin suka fara rasa gidan zama. Wannan ya sa a Nuwamban 2024 majalisar Faransa ta zartar da dokar da ta rage rangwamen harajin da masu irin wannan haya suke samu, ta kuma ba hukumomin garuruwa ikon ƙayyade yawan gidajen da za a mayar na 'yan hutu a yankunansu.