Usama Khatib da Lissafin Ambato: Nazari Kan Maƙalu Biyu a Fagen Ƙera Mutum-mutumi

Tsakure

Wannan nazari ya ɗauki maƙalu biyu na Farfesa Usama Khatib na Jami'ar Stanford, ɗaya ta 1986, ɗaya ta 1987, ya gwada yawan ambaton da suka samu da irin aikin da ake yi da su. Hujjar da aka kafa ita ce, a fagen ƙera mutum-mutumi yawan ambato yana nuna inda manazarta suka fi yin muhawara, ba lalle ya nuna abin da injiniyoyi suka fi dogaro da shi ba.

Mutumin da maƙalarsa ta farko

An haifi Khatib a birnin Halab na ƙasar Siriya a 1950. Ya yi digirinsa na uku a Tulus ta Faransa a 1980, ya koma Stanford a 1981, kuma can ya zauna. Tun yana Faransa yake fama da tambaya guda: ta yaya hannun inji zai kai ga abin da aka aike shi ba tare da ya ci karo da abin da ke kan hanya ba? A wancan zamani sai kwamfuta ta zauna ta tsara hanyar gaba ɗaya kafin hannun ya motsa, lissafin kuwa na cin lokaci, kuma da zarar an gusa da kujera ɗaya sai a koma farko.

Amsar da ya gabatar a taron IEEE na 1985, ya kuma buga a mujallar International Journal of Robotics Research a 1986, mai sauƙin fahimta ce. A ƙaddara cewa wurin da ake son zuwa yana jawo hannun, kowane shinge kuma yana tunkuɗa shi, tunkuɗar na ƙaruwa gwargwadon kusantarsa. A kowane ɗan lokaci sai a haɗa ƙarfin ja da na tunkuɗa, inda suka rinjaya nan hannun zai bi. An gwada dabarar a kan hannun inji samfurin PUMA 560, ya riƙa kauce wa shinge ko da shingen na motsi. A Google Scholar ambaton wannan maƙala ya haura 10,000, adadin da manazarta da yawa ba sa samu a duk rayuwarsu ta aiki.

Su wa ke ambaton, kuma don me?

Dabarar tana da lahani sananne. Akwai inda ƙarfin ja da na tunkuɗa suke yin daidai, sai injin ya tsaya cik alhali bai iso ba, kamar ruwan sama da ya gangaro ya kwanta a kududdufi bai kai kogi ba. A 1991 Yoram Koren da Johann Borenstein na Jami'ar Michigan suka gabatar da maƙala sukutum a kan iyakokin dabarar. Sun nuna tarkon tsayawa, da yadda injin ke ƙin shiga tsakanin shingaye biyu masu kusanci ko da akwai hanya, da yadda yake tangaɗi a lungu mai ƙunci. A 1992 Elon Rimon da Daniel Koditschek suka fito da lissafin da ke kawar da tarkon a wasu irin wurare. Kowanne cikinsu dole ya ambaci Khatib, waɗanda suka biyo bayansu ma haka.

Daga nan fagen ya karkata ga dabarun da ke laluben hanya ta hanyar jefa ɗigo barkatai a fili: aikin Lydia Kavraki da abokan aikinta a 1996, da na Steven LaValle a 1998. Amma al'ada ta riga ta kafu. Ɗalibin da zai rubuta kundi a kan tsara hanya yakan buɗe babin bitar ayyukan magabata da jimla ɗaya a kan Khatib, ya faɗi lahanin dabarar, ya wuce. Injin ƙirga ambato ba ya bambance wannan da ambaton wanda ya gina aikinsa kacokan a kan maƙalar. Ba sabuwar matsala ba ce: tun 1975 Michael Moravcsik da Poovanalingam Murugesan suka rarraba ambato a maƙalun kimiyyar fiziks, suka tarar kaso mai tsoka na cika sharaɗi ne kawai, wani kason kuma na musu ne.

Wannan ba ya rage darajar maƙalar. Ra'ayin da ya sa mutane suka kwashe shekaru suna gyara shi ya yi aiki babba.

Maƙala ta biyu

A 1987 Khatib ya buga wata a mujallar IEEE Journal of Robotics and Automation. Maimakon a umarci kowace gaɓa ta hannun inji ita kaɗai, sai ya rubuta lissafin motsi daga bakin hannun, wato inda ake riƙe kayan aiki, ya haɗa sarrafa motsi da sarrafa ƙarfin dannawa a tsari ɗaya. Idan hannun yana da gaɓoɓi fiye da yadda aikin ke buƙata, rarar na iya yin wata hidima, kamar kauce wa shinge, ba tare da ta dagula babban aikin ba. Ambatonta dubbai ne, amma ta farko ta fi ta nesa ba kusa ba. Duk da haka a kanta aka gina sarrafa jikin mutum-mutumi mai siffar ɗan Adam gaba ɗayansa, aikin da Khatib ya ci gaba da shi tare da ɗalibinsa Luis Sentis, kuma yau ana koyar da ita a aji a matsayin abin da kowa ya sani. Masanin zamantakewa Robert Merton ya daɗe da lura cewa ra'ayin da ya shiga littattafan koyarwa yakan rasa sunan mai shi, a ci gaba da amfani da shi ba a ambato.

Akwai kuma aikin da lissafin ambato ba ya iya ɗauka. A watan Afrilun 2016 mutum-mutumin ninƙaya mai suna OceanOne ya nutsa kimanin mita 100 a tekun Bahar Rum kusa da Tulon, ya isa ga La Lune, jirgin ruwan Sarki Luwi na 14 da ya nutse a 1664. Khatib na cikin jirgi a sama, hannuwansa a kan na'urar da ke dawo masa da nauyin duk abin da injin ya taɓa, har ya ɗauko wani ɗan tulu ya saka a kwando. A 2022 sabon samfurin, OceanOneK, ya kai zurfin mita 852. Maƙalar da ta bayyana nutson farko ba ta kusanci ta 1986 a ambato ba.

Ma'aunin da kansa

Eugene Garfield, wanda ya kawo shawarar kundin ambato a 1955 ya kuma fitar da shi a 1964, ya yi shi ne da farko don neman maƙalu. Ma'aunin h da Jorge Hirsch ya gabatar a 2005 shi ya mayar da abin lamba ɗaya: mai h 50 yana da maƙalu 50 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 50. A wannan lissafi maƙalar 1986 maki ɗaya ce, daidai da wadda da ƙyar ta haye layi. Ga kuma rarrabuwar ambato, domin aikin ya fito a taron 1985, da mujallar 1986, aka sake buga shi cikin wani littafi a 1990, kuma rumbunan bayanai ba su haɗa nau'o'in ta hanya ɗaya ba. Fagen ma ya fi ba taruka irin su ICRA da IROS muhimmanci fiye da yadda tsofaffin kundayen ambato suka tanada. Aikin LaValle na 1998 rahoton cikin gida ne na Jami'ar Jihar Iowa, takardar da ta gabatar da manhajar ROS a 2009 kuma a ƙaramin zaman gefen taro aka karanta ta. Kwamitin ƙarin girma da ke ƙirga maƙalun mujalla kaɗai ba zai ba ko ɗaya daga cikinsu cikakken maki ba.