Taswirar Ambaliya a Amurka: Dalilin Saɓani Tsakanin Ƙananan Hukumomi da Gwamnatin Tarayya

A Amurka, gwamnatin tarayya ce ke shata yankunan da ta ɗauka suna cikin haɗarin ambaliya, ta hannun hukumar agajin gaggawa ta ƙasar, FEMA. Duk gidan da ya faɗa cikin wannan iyaka, doka na iya tilasta wa mai shi biyan inshora duk shekara. Shi ya sa magadan gari da majalisun gundumomi ke yawan ƙalubalantar taswirar.

Tushen tsarin

Majalisar Dokokin Amurka ta kafa shirin inshorar ambaliya na ƙasa a 1968, bayan kamfanoni masu zaman kansu sun ja da baya daga wannan harka saboda yawan asara. Yarjejeniya ce tsakanin ɓangarori biyu: gwamnatin tarayya ta samar da inshora, ƙananan hukumomi kuma su amince da taswirarta, su kafa ƙa'idojin gini a wuraren da ruwa ke ci. Garuruwa da gundumomi fiye da 22,000 ne ke cikin shirin.

A 1973 aka ƙara dokar da ta wajabta inshorar ga wanda gidansa ke yankin haɗari, matuƙar ya saye shi da rancen da gwamnatin tarayya ta tsaya wa, ko daga bankin da take sa wa ido.

Yankin haɗari shi ne inda yiwuwar ambaliya ta kai kashi 1 cikin 100 a kowace shekara. Ana yi masa laƙabi da “ambaliyar shekara ɗari”, sunan da ke ruɗar mutane su zaci sau ɗaya take zuwa a ƙarni. A lissafi, cikin shekara 30 da akan ɗauka ana biyan rancen gida, yiwuwar ta kai kusan kashi 26.

Abin da ke tayar da jijiyar wuya

Shigar unguwa cikin taswirar na ƙara wa mazaunanta ɗawainiya, tana iya karya darajar gidaje, ta kuma tsaurara sharuɗɗan sabon gini, kamar ɗaga daɓen gida sama da inda ake hasashen ruwa zai kai. Ƙananan hukumomin Amurka sun dogara ƙwarai da harajin gidaje, saboda haka faɗuwar darajarsu na taɓa baitulmalinsu. Ga kuma masu zaɓe da ke kai kukansu ga shugaban da ya fi kusa da su.

Sai dai doka ta taƙaita hanyar ƙorafi. Bayan fitar da daftarin taswira, ana ba da kwana 90, kuma hujjar kimiyya ko ta aikin injiniya kaɗai ake saurare. Tsadar inshora ba hujja ba ce. Idan aka yanke hukuncin ƙarshe, ƙaramar hukuma na da wata shida ta amince, in ba haka ba a dakatar da ita daga shirin. Wannan sharaɗi na fifita garuruwa masu ƙarfin ɗaukar ƙwararru a kan waɗanda ba su da hali.

Misalin New York

Lokacin da mahaukaciyar guguwar Sandy ta afka wa New York a Oktoban 2012, taswirar birnin ta samo asali ne tun 1983. Sabon daftarin da FEMA ta fitar daga baya ya kusan ninka yawan gine-ginen da ke yankin haɗari, zuwa sama da 70,000. A 2015 gwamnatin magajin gari Bill de Blasio ta shigar da ƙorafi, tana cewa hukumar ta zuzuta tsayin da ruwa zai kai. A Oktoban 2016 FEMA ta amince ta sake aikin. Dubban masu gidaje sun sami sauƙi, amma birnin ya ci gaba da dogaro da tsohuwar taswira wajen wajabta inshora.

Rikicin farashi

Shirin ya daɗe cikin bashi. A 2017 Majalisa ta yafe masa dala biliyan 16, duk da haka baitulmalin ƙasar na binsa fiye da dala biliyan 20. Dokar 2012 da ta nemi daidaita farashi da ainihin haɗari ta gamu da turjiya, har aka sassauta ta a 2014.

Daga Oktoban 2021 FEMA ta fara ƙayyade farashi gida-gida, bisa nisan gini daga ruwa, tsayinsa da kuɗin sake gina shi. Taswirar ta daina zama ma'aunin farashi, amma har yanzu ita ke tantance wanda inshora ta wajaba a kansa. A Yunin 2023 jihohi goma ƙarƙashin jagorancin Louisiana, tare da gundumomin jihar da dama, suka maka hukumar a kotu, suna cewa sabon farashin zai kori mutane daga gidajensu, kuma bai yi la'akari da katangun tare ruwa da suka gina ba.

Ɗaya ɓangaren muhawarar

Masana da dama na ganin taswirorin rage haɗarin suke yi, domin sun dogara da bayanan baya, kuma ba su cika auna ruwan sama mai ƙarfi da ke cika magudanan birane ba. A guguwar Harvey ta 2017, akasarin gidajen da ruwa ya ci a gundumar Harris ta jihar Texas, inda birnin Houston yake, suna wajen yankin haɗari ne, kuma da yawa ba su da inshora.

A nan tsaka mai wuyar take. Ƙorafi kan gyara kuskure na gaskiya, domin FEMA ma takan yi kuskure. Amma gidan da aka cire daga taswira yana nan inda yake a bakin ruwa, kuma da zarar wajibcin ya faɗi, masu gidaje da yawa kan daina biyan inshorar. Idan ambaliya ta zo, asarar kan koma kansu da kuma asusun agajin gwamnati.