Cunkoson hanya a Maraɗi: asalinsa, inda ya fi tsanani da waɗanda ya fi cutarwa

Maraɗi ita ce cibiyar kasuwancin Nijar, kuma hanyoyinta na ɗauke da nauyi uku a lokaci guda: manyan motocin da ke ratsawa tsakanin Yamai, Damagaram da Najeriya, hada-hadar kasuwannin cikin gari, da dubban mutanen da ke shigowa kullum daga garuruwan kewaye irin su Tibiri da Jiratawa. Haɗuwar waɗannan ukun bisa ƴan titunan kwalta ƙalilan ita ce tushen cunkoson da mazauna birnin suke fama da shi.

Yadda garin ya bunƙasa

An kafa tsohuwar Maraɗi a farkon ƙarni na 19 cikin fadamar Gulbin Maraɗi, bayan da sarakunan Katsina suka bar birninsu sakamakon jihadi. A 1945 ambaliyar ruwa ta rusa garin, sai aka mayar da shi bisa tudu, aka yanka filaye da tituna miƙaƙƙu masu gittawa da juna. An yi wannan tsari ne ga ƙaramin gari da jama'arsa ke tafiya a ƙasa, ko bisa jaki da keke.

Cinikin gyaɗa, daga baya kuma fataucin kaya zuwa Najeriya, su suka ɗaga alhazan Maraɗi suka kuma jawo baƙi. Ƙidayar 1977 ta samu mutum wajen 44,000 a garin, ta 2001 wajen 148,000, ta 2012 kuwa 267,249. Unguwanni irin su Zariya da Ali Ɗan Sofo sun miƙa nesa da tsoffin unguwannin Bagalam, Mokoyo da Ƴan Daka, amma babbar kasuwa, tashoshin mota, bankuna da yawancin ma'aikatu suna nan tsakiyar gari. Saboda haka da safe kowa waje ɗaya ya nufa, da maraice kuma kowa daga waje ɗaya yake fitowa.

Manyan hanyoyi

Hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta bi Doso da Ƙonni ta wuce Damagaram har Difa, tana bi ta arewacin birnin. Daga gare ta hanya mai lamba 9 ta ɓalle, ta ratsa gari ta nufi Ɗan Isa da iyakar Najeriya, mai nisan kilomita kusan 50, ta ɓulle Jibiya da Katsina. Duk kamiyon da zai kai kaya kudu ko zai shigo da siminti, masara ko kayan masarufi daga Najeriya, yana raba hanya ne da ɗan kabu-kabu, mai amalanke da yaron da ke tafiya lakol.

Tibiri, fadar Sarkin Gobir, tana arewa maso yamma da Maraɗi, kilomita goma da ƴan kai, bisa hanya mai lamba 1. Ma'aikata, ɗalibai da ƴan kasuwa da yawa suna kwana can suna wuni Maraɗi. Haɗarin wannan yanki shi ne gudu: manyan bas-bas na kamfanonin sufuri da motoci masu dogon zango suna zuwa da saurin hanyar daji, su tarar da babura da masu tsallaka titi a bakin gari.

Jiratawa tana kudu, cikin gundumar Madarunfa. Filayenta na noman rani suna ciyar da kasuwannin birni da zogale, albasa, tumatir da sauran kayan lambu. Kayan nan ba sa jira, shi ya sa tun da asuba ake ganin babura da amalanke da ƙananan motoci maƙare da buhuna sun nufi gari, sau da yawa kafin gari ya waye sosai, wasu ba su da fitila.

Ababen hawan da ke bisa titi

Maraɗi ba ta da tsayayyen tsarin bas na cikin gari da zai kwashi jama'a da yawa a tafiya guda. Gurbin nan babura ne suka cike shi. Sana'ar kabu-kabu ta zama mafaka ga matasan da ba su da aiki da ƴan cin rani da ke shigowa bayan girbi, don ana iya fara ta da babur ɗin wani, a riƙa biyan mai shi kuɗin yini. Da yawansu sun koyi tuƙi ne bisa titi, ba su taɓa shiga makarantar koyon tuƙi ba.

Bayan babura sai adaidaita sahu, masu ƙafa uku, waɗanda akasari kamfanonin Indiya irin su Bajaj da TVS ke ƙerawa. Sun yaɗu ƙwarai a ƙasar Hausa bayan da gwamnatin Kano ta hana ɗaukar fasinja bisa babur a watan Janairu 2013. Mata da iyalai sun fi son su don sun fi babur natsuwa, sai dai direbansu na tsayawa duk inda aka ɗaga masa hannu, ko da tsakiyar hanya ce.

Ga kuma amalanken shanu da na jakai, masu tura baro, masu ruwa a kura, da dabbobin da ake korawa kasuwa. Bambancin saurin waɗannan da na mota shi ke jawo yawan ƙetare juna ta hagu da dama.

Man fetur ma na da hannu. Shekaru da yawa man ruwa-ruwa da ake shigowa da shi daga Najeriya ya sa hawan babur ya yi araha, ana sayar da shi cikin kwalabe a bakin titi. Janye tallafin mai da Najeriya ta yi a ƙarshen watan Mayu 2023 ya sauya lissafi, jama'a suka koma gidajen mai, inda layi kan malalo har bisa kwalta idan an samu ƙarancin mai.

Lokutan da ya fi tsanani

Cunkoso ya fi yawa da safe lokacin shiga aiki da lakol, da kuma gab da magariba. Litinin da Juma'a, ranakun cin babbar kasuwa, motocin ƙauyuka na ƙaruwa, masu tebur da masu talla su mamaye gefen hanya, mai tafiya a ƙasa ya sauko bisa titi. Haka ake gani a kwanakin ƙarshe na azumi da jajibirin Babbar Salla, da ranakun ɗaurin aure, inda ayarin babura ke wasan ganganci.

Damina na da nata matsala. Garin na kan tudu mai gangara zuwa Gulbi, ruwa na kwaso rairayi ya zube bisa kwalta, babura su riƙa zamewa. Inda shara ta toshe magudanan ruwa, titi kan koma tafki, kowa ya karkata zuwa ƴan hanyoyin da suka rage. Ruwan da aka yi a ƙarshen watan Agusta 2024, wanda ya rusa gidaje ya kuma yi sanadin rasa rayuka a birnin, ya nuna ƙarancin magudanan.

Wa ke biyan farashi

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya, kuma nahiyar Afirka ce ke kan gaba idan aka auna da yawan jama'a. Haɗarin hanya shi ne ya fi kashe masu shekara 5 zuwa 29 a duniya. Waɗanda ba su da ƙarfe kewaye da jikinsu, wato masu babur da masu tafiya a ƙasa, su suka fi shiga uku. Karayar ƙafa guda ta ɗan kabu-kabu na nufin watanni babu abin cefane, ga kuɗin magani, ga babur ɗin mutane da za a biya. Hukumar ta ce hular kwano mai inganci tana rage haɗarin mutuwa fiye da sau shida.

Doka da hukumomi

Nijar ta sabunta dokar hanya a 2014, kuma akwai hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, ANISER, da ke wayar da kai. Cikin gari ƴan sanda ke kula da zirga-zirga, bayan gari kuma jandarmomi. Doka ta wajabta lasisin tuƙi, takardar mallakar abin hawa, inshora da hular kwano ga mai babur, kuma gudu cikin gari bai wuce kilomita 50 a awa ba. Idan haɗari ya auku, lambar ƴan kwana-kwana ita ce 18, ta ƴan sanda 17.

Abin da aka yi da abin da ya rage

Shirin Maraɗi Kwalliya, da aka yi don bikin 18 ga Disamba 2015, ya kawo sabbin tituna, shatale-tale da fitilun hanya. Amma yawan ababen hawa ya ci gaba da ƙaruwa fiye da kwaltar da aka shimfiɗa. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a watan Fabrairu 2021, zai iya rage kamiyoyi bisa hanyar Ɗan Isa idan ya fara aiki, ko da yake zai ƙara masu shigowa birnin.

Matakan da suka fi kusa da hannu ba su kai wannan tsada ba: keɓe wa manyan motoci lokacin shiga gari da wurin sauke kaya, kafa wa adaidaita da kabu-kabu wuraren tsayawa, mayar wa masu tafiya a ƙasa gefen titi, yashe magudanai kafin ruwan farko, da sa alamomin rage gudu a mashigar Tibiri da hanyar Jiratawa. Sauƙaƙa kuɗin lasisin babur tare da ɗan gajeren horo cikin Hausa, ta hannun ƙungiyoyin ƴan kabu-kabu, zai kai ga mafi yawan waɗanda ke riƙe da kan babur a titunan Maraɗi.