Tsarabar Jidda: Yadda Kayan Sauti Masu Araha Suka Cika Masallatan Hausa

A shekarun 1970 ba a cika ganin alhaji ya sauka a filin jirgin Kano hannu rabbana ba. Bayan zamzam da dabino da carbi, akwai kwalin da yara suka fi zuba wa ido: rediyo mai kaset, ƙirar National Panasonic ko Sanyo ko Sharp. Kuɗin mai ya shigo, naira tana da ƙarfi, kuma a 1977 alhazan Najeriya sun haura 100,000. Wanda jama'ar unguwa suka ɗora wa amana kuwa, da amfilifaya da makirfo da lasifikar masallaci yake dawowa.

A Jidda ake wannan sayayya, domin nan jiragen ruwa ke sauke kayan Japan, nan kuma alhaji ke jiran jirgin komawa gida. Kantunan tsohon gari, wajen Bab Sharif da Bab Makka, su ne na sabon kaya. Mai neman na hannu sai ya nausa kudu, inda kasuwar gwanjo ta Harajus Sawarikh ta shahara daga baya. A kudancin ne kuma baƙi suka yi kaka-gida, a unguwanni irin su Karantina da Gulail da Sabil da Mada'in Fahad, cikinsu har da Hausawan da aka daɗe ana kira Takari. Su ne tafinta, su ne 'yan rakiya zuwa kasuwa, kuma da taimakonsu fataucin 'yan Kano-Jidda ya tsaya da ƙafarsa.

Abin da ya sa talaka ya iya sayen waɗannan kaya ya faro ne daga nesa. Kafin 1947 duk na'urar ƙara sauti da kwalaben lantarki take aiki, masu zafi, masu cin wuta, masu saurin fashewa. A Disambar wannan shekara aka ƙirƙiro taransisto a ɗakin binciken Bell da ke Amurka, aikin da ya ba John Bardeen da Walter Brattain da William Shockley kyautar Nobel a 1956. Kamfanonin Japan suka rungumi abin, kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, sai ga na'urar da ke aiki da batir ta isa ƙauyen da ko turken lantarki babu. Ta wannan hanya ƙira'ar Abdulbasit da Minshawi da Husari ta shiga zaurukan Hausa, tafsirin Sheikh Abubakar Gumi na masallacin Sultan Bello a Kaduna ya yi ta yawo hannu zuwa hannu.

A cikin kowace amfilifayar masallaci akwai wani ɗan sashe da ba a ganinsa, alhali da shi komai ke farawa. Wutar da makirfo ke fitarwa ba ta wuce kashi ɗaya ko biyu cikin dubu na bolt guda. Sai matakin farko ya ninka ta sau ɗaruruwa kafin babban sashe ya karɓa ya tura wa lasifika. Duk wani shuu ko gurnani da ya shiga a wannan mataki, tare da muryar liman za a ƙara shi. Shi ya sa masu harkar sauti a Turai da Amurka suka ware wannan sashe a akwatinsa daban, suka kuma yi masa farashi mai tsoratarwa. Kamfanin Mark Levinson, wanda aka kafa a 1972, da irin wannan akwati ya yi suna.

Sai dai araha ba ta tsaya kallo ba. A 1978 kamfanin NAD ya fitar da amfilifaya mai lamba 3020, mai sauƙin kuɗi, ta zama ɗaya daga cikin waɗanda aka fi saya a tarihin kayan sauti. A ƙarshen shekarun 1970 ɗin ne kuma aka samu ƙananan ƙwayoyin lantarki irin su TL072 da NE5532, waɗanda kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, amma ana samunsu har a cikin manyan miksocin situdiyo. A Janairun 1987 mujallar Stereo Review ta Amurka ta buga sakamakon wani gwaji: an daidaita ƙarfin sauti, an ɓoye wa masu saurare na'urar da ke aiki, aka haɗa wata Pioneer ta wajen dala 220 da wasu amfilifayoyi da kuɗinsu ya kai dala 12,000. Masu sauraren suka kasa rarrabewa fiye da yadda mai canki-canka zai yi. Har yau masoya kayan tsada suna jayayya da wannan gwaji, amma ya girgiza kasuwar.

Hausawa dai sun ce araha ba ta ado, kuma a nan ma maganar tana da gurbinta. Mai ɗaukar waƙa a situdiyo da makirfo mai raunin murya yana buƙatar matakin farko mai tsabta ƙwarai, kuma akwai dalilin da ya sa har yanzu ake neman Neve 1073, ƙirar 1970, wadda ita ma da taransisto take aiki. Sannan kayan jabu sun cika kasuwa, masu siririn taransifoma da maɓallan da ke fara ƙara bayan damina ɗaya. Amma wannan matsalar ƙarko ce. Abin da ya fi kashe kayan alhazai ma wuta ce: gidajen Saudiyya sun daɗe suna amfani da layi biyu, 127 da 220, don haka wanda ya manta bai juya maɓallin bayan na'ura ba kafin ya jona ta a Kano, hayaƙi kawai yake gani.

Ladanai da masu gyaran rediyo ba su karanta mujallar Amurka ba, amma hukuncinsu ya zo daidai da nata. Kayan da suka riƙe masallatan Arewa su ne TOA ta Japan, wadda aka kafa a 1934, da Ahuja ta Indiya, wadda aka kafa a 1940. Ba su da ƙyalƙyali, suna jure ƙura da zafi, suna karɓar batirin mota idan an ɗauke wuta, kuma mai gyara a Sabon Gari ya san cikinsu.

Zamanin tsarabar ya fara ja da baya tun 1986, lokacin da darajar naira ta faɗi, riyal kuwa aka ɗaure shi a 3.75 kan dala ɗaya. Daga baya Dubai da Guwanzu suka janye 'yan kasuwa, kasuwar Alaba ta Legas ta zama babbar mashigar kayan lantarki. Ita kanta Jidda ta sauya. Daga Oktoban 2021 hukumomi suka shiga rushe unguwannin da aka gina ba bisa tsari ba, Mada'in Fahad tana cikin jerin, iyalai da dama da suka shekara hamsin suna tarbar alhazai suka watse. A watan Mayun shekarar ne kuma Ma'aikatar Harkokin Musulunci ta Saudiyya ta taƙaita lasifikar waje ga kiran salla da iƙama, ta ce kada ƙarfinta ya wuce kashi ɗaya bisa uku.

Wannan umarni ya taɓo ainihin ciwon, domin yawancin muryoyin da ke fashewa a masallatanmu ba laifin arahar amfilifaya ba ne. An murɗe maɓalli har ƙarshe, an kafa lasifika tana fuskantar makirfo, waya ta tsufa an ɗaure ta da leda. Gara kwamitin masallacin da ya tara kuɗin jama'a ya sayi amfilifaya matsakaiciya ta kamfanin da aka sani, ragowar kuɗin ya zuba su a makirfo mai kyau da waya mai kauri da sitabilaiza, sannan ya biya wanda ya iya aikin ya zo ya daidaita lasifikokin.